Sau uku na soki yaro ban sami jijiya ba

Wasiƙar wannan makon daga wata ƙaramar hukuma ta fito a jihar Kebbi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan mai ita da na asibitin kamar yadda ta roƙa.

"Assalamu alaikum Inna. Ni sabuwar nas ce, bana na sami lasisina, aka ɗauke ni aiki a babban asibitin garinmu. Ranar Litinin da ta wuce na fara, aka tura ni ɗakin yara. Tun da asuba na goge farin kayana, Babanmu da kansa ya kai ni bakin ƙofar asibiti a babur. Inna, kafin azahar na gwammace ƙasa ta tsage in shige. An kawo wani yaro ɗan wajen shekara biyu, zazzaɓi da amai sun galabaitar da shi, sistar da ke riƙe da ɗakin ta ce in sa masa kanula, wato 'yar siririyar roba mai allurar ƙarfe a ciki da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani. Na soka sau uku ban sami jijiya ba, hannuna sai rawa yake, yaro na tsala ihu. Kakarsa ta fizge hannunsa ta ce, 'Ku kirawo muna babba, ba mu kawo ɗanmu a koyi aiki da shi ba.' Sista ta zo, sau ɗaya ta samu, sannan ta juyo a gaban kowa ta ce da ni, 'Shekara uku me aka koya muku?' Na shiga banɗaki na sha kuka. Da na fito aiki ya taru, lokacin awon rana ya yi, ma'aunin zafi ɗaya ne a ɗakin gaba ɗaya. Sai wata da ta riga ni fara aiki ta ce in dubi awon safe in rubuta kusa da shi, wai kowa haka yake yi in aiki ya yi yawa. Na cika na gado shida haka don mu samu mu miƙa aiki. Amma abin da ke hana ni barci maganar sista ce da idon kakar nan. Kwana uku ke nan ina zuwa kamar wadda ake ja da igiya. Ina tunanin in nemi a mayar da ni wajen masu ganin likita su koma gida, ko ma in haƙura da aikin. Ban faɗa wa Babanmu ba, shi da ya sayar da shinkafarsa ta noman rani ya biya mini makaranta. Me kike gani?"

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Sannu da aiki, Allah ya sanya albarka a cikinsa.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A karatun farko, da na zo wajen jijiya sai da na yi murmushi, don na tuna hannuna. A na biyu kuwa na tsaya cak a kan gado shidan nan da kika ambata a guje, kamar mai faɗin farashin albasa. Kin bar jaki kina dukan taiki, ɗiyata. Amma bari in fara da abin da ya fi damunki, ko kya sami natsuwar saurarona a kan abin da ya fi damuna.

An ba ki aiki mafi wuya a ɗakin ne a ranar farko. Yaro ɗan shekara biyu da amai ya ƙwashe masa ruwan jiki, jijiyoyinsa kwanciya suke yi su lafe, ga tsokar yarinta a bayan hannu ta rufe su, ga shi yana fizge-fizge. Na ga likitocin da suka yi furfura a ɗakin yara sun yi gumi a kan irin wannan hannun. Sistar da ta samu sau ɗaya ta soki hannaye dubbai kafin ta iso inda take, kuma in za ta faɗa miki gaskiya, ko makon jiya akwai wanda ya gagare ta. Kuskurenki ɗaya ne a nan, suka ta uku. Al'adar aikin ita ce in ka gwada sau biyu ba ka dace ba, ka kira wani. Dalili kuwa, kowace suka da ta kuskure tana ɓata jijiyar da mai zuwa bayanki zai nema, kuma hannun da ya fara rawa ba ya dainawa a karo na uku. Ki sani kuma, in zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne, allurar maganinsa, wato atesunet, ana iya yin ta a tsokar cinya in jijiya ta ƙi samuwa, ba a barin yaro ba magani ana ta farauta a hannunsa.

Gaba in za ki sa kanula, ki daɗe kina dubawa fiye da yadda za ki daɗe kina suka. Ki yayyanka filasta tun kafin ki taɓa yaron, ki liƙa su a gefen tebur. Ki sa a naɗe shi da zanin uwarsa, hannu ɗaya kawai a waje, wani ya riƙe shi da kyau, in uwar ba za ta iya kallo ba a samu wata. Ki ja su inda haske yake, ko bakin taga ne, in an ɗauke wuta a haska miki fitilar waya. Ki dubi bayan hannu biyu, ki dubi ƙafa wajen idon sawu ta ciki, can akwai wata jijiya da ba ta cika ba da kunya ba. Ɗaurin da ake yi wa hannu don jijiya ta taso kada ya yi tsanani, ki lanƙwasa wuyan hannun fatar ta miƙe. Ga ƙananan yara kanula mai ruwan ɗorawa ko shuɗiya za ki ɗauka, ki bar mai ruwan hoda da koriya wa manya. Ki shiga a kwance, ba a tsaye ba. In kin ga jini ya leƙo, ki ƙara ɗan tura ta kaɗan, kamar kaurin farce, sannan ki zura robar ki janye ƙarfen. Ƙarfen da ya fito kuma ba ya komawa cikin roba. Sauran duk na hannu ne, shi kuwa hannu sai ya yi ta yi yake ganewa. Nan da wata uku za ki karanta wannan sakin layi ki ce tsohuwar nan ta cika bayani.

To, mu dawo kan gado shida.

Na fara aiki tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, kafin a yanke mana jiha a 1991, zamanin da muke dafa sirinjin gilashi a tukunya mu sake amfani da shi. Ban yi wata biyu ba aka sa ni aikin dare a ɗakin masu jego. Wata mata ta haihu da magariba lafiya ƙalau, haihuwarta ta bakwai. An ce a riƙa duba bugun zuciyarta da awon jininta. Wajen ƙarfe biyun dare na leƙa, na gan ta kwance ta juya baya ta lulluɓa da zani, jaririnta a gefe. Na ce baiwar Allah ta gaji, kada in tashe ta. Na koma tebur na dubi bugun zuciyar da aka rubuta da ƙarfe goma, 84 ne, na rubuta 86. Har yau ina ganin lambar nan da rubutun hannuna. Ba a yi minti arba'in ba wata dattijuwa mai goge ɗaki, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta zo ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malama, zo ki ga ƙarƙashin gadon can." Jini ne yake ɗiga ta gefen katifar roba, ya taru a siminti. Da na kama wuyan hannunta bugun yana gudu ne siriri kamar zare, jikinta ya yi sanyi, gumi a goshi. Allah ya yi da sauran kwananta, aka taso likita, aka samu jini daga ƙanen mijinta, ta rayu. Da gari ya waye babbar sistarmu ta buɗe fayil ɗin, ta ɗora yatsa a kan 86 ɗin, ta ɗago ta dube ni. Ba ta ce uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na kama hannun matar nan da ƙarfe biyu, da na ji bugun ya haura. Mai zubar da jini bugun zuciyarsa ke fara tashi tun kafin awon jini ya faɗi, jiki yana ba da sanarwa da wuri ga wanda ya tsaya ya saurara. Amfanin awon ke nan. Takardar nan da kike ganin kamar aikin cika layi ce, ita likita zai duba gobe da safe a zagayensa, yana da minti biyu a kan kowane gado. In ya ga zafin jiki 37.2 da safe, 37.3 da rana, sai ya ce magani ya karɓi yaro, ya rage kulawa, wataƙila ma ya sallame shi. Wadda ta karɓe ki aiki da yamma ita ma da takardar za ta san gadon da za ta fi sa wa ido. Layin da aka bari babu komai yana gaya musu ba a duba ba, su je su duba. Lambar ƙarya kuwa cewa take an duba lafiya lau, su wuce.

Kuma ki tuna inda kike. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, yara 'yan ƙasa da shekara biyar 49 cikin ɗari aka samu da ƙwayar cutar a jininsu, alhali ƙasar gaba ɗaya 22 ne. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafinta a Disambar 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Fadamun da ke ba mu shinkafa daga Argungu har Yawuri su ne dai ke ba mu sauro. Da damina ɗakin yara cika yake yi, kuma yaran da ke kwance a ciki irin waɗanda kan juye ne cikin awa biyu, sukarin jini ya faɗi, ko jini ya ƙare, ko jijjiga ta taso. Alamar da ta fi saurin tona asiri a wajen yaro ita ce numfashi, shi kuwa ba ya neman na'ura, agogo mai hannun daƙiƙa kawai yake so da minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata biyu ba in ya kai 60 a minti ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki rubuta waɗannan a ƙaramin littafi ki sa a aljihu har su zauna miki a ka. A littafin nan kuma ki rubuta lissafin atesunet, don shi za ki fi yi a watannin nan: yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ne ga kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Kwalba mai 60 in an narkar da ita da ruwanta mil 1, aka ƙara ruwan gishiri mil 5 don jijiya, kowane mil yana ɗauke da miligiram 10, ke nan yaro mai kilo 10 mil 3 zai samu. Ana yi a karɓar farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Duk da haka duk lissafin maganin yaro ki nuna wa wata ta duba kafin ki zuƙa, ko kin tabbata. Mu ma da muka tsufa a ciki haka muke yi.

Na san za ki ce, to Inna, ma'auni ɗaya, yara fal ɗaki, lokaci ya ƙure, ya zan yi? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba laifinki ba ne kayan aiki suka yi kaɗan. Ki fara da waɗanda suka fi jin jiki da sababbin kwanciya. Wanda ba ki samu kin auna ba, ki rubuta ba a auna ba, ki sa lokaci da hannunki, in kin zo miƙa aiki ki faɗa da bakinki: gado kaza da kaza ban samu na duba ba, a fara da su. Za a yi miki tsaki, wata ma ta ce kin cika iyayi. Ki shanye. In albashin farko ya shigo, kafin atamfar Innarki, ki sayi ma'aunin zafi naki na kanki da agogon maƙalawa a ƙirji.

Na ranar Litinin kuma ba a bar shi haka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki sami sista ita kaɗai, lokacin da ɗaki ya lafa, ki ce mata, "Sista, ranar da na fara na cika awon rana na gado shida ban auna ba. Na gane kuskure ne, ina so ki nuna mini yadda zan gyara." Kada ki ambaci wadda ta ba ki shawarar, hannunki ne ya rubuta, naki za ki ɗauka. Kada ki goge, kada ki shafe da farin ruwan gyaran rubutu, kada ki yage shafin. Layi ɗaya ake ja a kan abin da ba daidai ba yadda za a iya karanta shi, a rubuta bayani a gefe da kwanan wata da sa hannu. Fayil ɗin majinyaci shaida ce da ake iya kaiwa gaban kwamiti ko kotu, kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya da ta ba ki lasisin nan tana da ikon hukunta mai shi, har ta karɓe. Ban taɓa jin an karɓe lasisin wata don ta kuskure jijiya ba. Rubuta abin da ba a yi ba kuwa yana cikin laifuffukan da ake zama a kansu.

Wataƙila ta yi faɗa. Ina kyautata zaton ma za ta yi. Amma duk wadda ta riƙe ɗaki ta san darajar ƙaramar ma'aikaciyar da za ta zo da ƙafarta ta ce na yi kuskure, don ita ce wadda za a iya bar wa ɗaki da dare a yi barci.

Maganar da ta yaɓa miki a gaban mutane ba daidai ba ce, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Gyaran ƙarami a keɓe ake yinsa, kuma duk wadda ta kunyata ma'aikaciyarta a gaban masu jinya ta rage wa ɗakinta ne kwarjini, don gobe ke ɗin za ta aika ki ba yaransu magani. Mu ma an yi mana, wasunmu kuma, Allah ya yafe mana, muka girma muka yi wa na baya. Sai dai kada ki yanke mata hukunci da rana ɗaya. Mace ce da ke riƙe da ɗaki cike da yara da damina, da hannaye kaɗan. Ki gaishe ta da safe kamar ba abin da ya faru, ki ce mata duk lokacin da za ta sa kanula ta kira ki ki riƙe mata yaro. Ki tsaya kusa ki kalli yatsunta. Masu zafin baki da yawa in suka ga mai son koyo sai ki ga sun sauko, su ne ma suke zama malaman ƙwarai. In kuwa wata biyu suka wuce cin fuska ya zama abincin kullum, wannan wani zance ne, akwai shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, kuma ki sake rubuto mini.

Ita ko kaka, ki cire ta daga cikin masu laifi. Allah kaɗai ya san daga wane ƙauye suka taso, a babur ko a kwalekwale, da abin da suka sayar kafin su iso. Ta ga ana huda jikanta yana ihu, ta faɗi abin da kowace kaka za ta faɗa, ni ma da nawa ne ban san me zai fito daga bakina ba. Matan nan da ke zaune a gefen gado dare da rana su ne idonki in kin juya baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In uwa ta ce miki yaron nan ba haka yake ɗazu ba, ki ajiye abin da ke hannunki ki je. Za ki gamu da waɗanda Hausarsu ba ta da yawa, Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari, gwargwadon ɓangaren jihar da kike. Ki koyi gaisuwa da "ina ke ciwo" a bakinsu. Masu shara da masu gadi sukan ji harsuna biyu ko uku, su za su yi miki tafinta, kuma kin dai ji wadda ta ceci matar da na ba ki labari. Ki san sunan kowannensu a makon nan.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma hannun da ke rawa ya sa dole in faɗa. Kada ki mayar wa allura murfinta bayan kin yi amfani da ita, kai tsaye cikin kwalin allurai. In ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki faɗa nan take, kada kunya ta sa ki yi shiru, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. In ba ki cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, guda uku ce, ki je ki cika. Safar hannu kuma ba ado ba ce. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ya kashe.

Batun neman canji ko barin aiki, ki ajiye shi wata uku. Ba a yanke shawarar rayuwa da idon da bai yi barci ba. In kin gudu daga ɗakin yara yanzu, tsoron kanula zai bi ki duk inda kika je, ga shi kuwa nan ne inda za ki fi saurin koyonta. Bayan wata ukun in kin ga zuciyarki ba ta ɗaukar ciwon yara, ba abin kunya ba ne, akwai ƙwararrun da ɗakin tiyata ko na haihuwa ya fi karɓa, sai ki nema da hujja. Babanki kuma ba sai kin kwashe masa komai ba. Ki ce masa aikin da nauyi, ya sa ki a addu'a. Manomin da ya san shekarar da ambaliya ta cinye gona ba zai yi mamakin jin ranar farko ta yi wuya ba. Ki riƙa karyawa kafin ki fita, ko kunu ne da ƙosai, rabin rawar hannun sababbin ma'aikata yunwa ce.

Gobe ki isa kafin lokacin karɓar aiki da minti goma sha biyar, ki bi masu miƙawa gado gado, kada ki karɓa daga tebur. In yaron nan yana nan, ki fara da shi. Ki durƙusa ki gaishe da kakar, ki tambaye ta ya kwanan mai jiki, ko ya sha wani abu, ko ya yi fitsari. Sannan ki ɗaga rigarsa, ki dubi agogo, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, ki rubuta abin da kika samu.